Laftof Mai Tsada: Ina Kuɗin Yake Tafiya, Kuma Wa Ya Kamata Ya Biya?

Watanni goma sha huɗu kacal laftof ɗin ƙanwata ya yi a hannunta kafin murfinsa ya fara ƙara in an buɗe. Wata safiya ta ɗaga shi za ta yi aikin makaranta, sai kusurwar hagu ta tsage, roba ta ɓalle ta faɗo kan tabarma. Ta kira ni murya na rawa ta ce, "Yaya, wallahi ban yar da shi ba." Gaskiya ta faɗa, ba ta yar da shi ba. Da muka kai wurin gyara, mai gyaran ya kwance bayan ya juyo mini da cikin. "Malam, duba nan," ya ce, yana nuna wa da bakin sukudireba. Hinjin da ke riƙe murfi na ƙarfe ne, lafiyarsa ƙalau. Amma ramukan da aka ɗaure shi a ciki roba ce aka dasa wa ƙananan zobba na tagulla, kuma robar ta rugurguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Sai ya jawo wani tsohon laftof na ofis da ke gefen teburinsa, wanda ya girmi na ƙanwata da shekaru, ya nuna mini wuri ɗaya: a can hinjin a jikin ƙarfe yake ɗaure, ko motsi ba ya yi.

Tun daga ranar na daina sauraron gardamar nan ta laftof mai tsada da mai araha kamar yadda nake sauraronta a da. Gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisa da ofis da ɗakin kwanan ɗalibai. Wasu suna cewa kuɗin suna kawai ake biya, tunda furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ke cikin na dala 1,500 sau da yawa ita ce a cikin na dala 600. Wasu kuma suna cewa araha ba ta ado, wanda ya sayi mai sauƙi zai saya sau biyu. Kowane ɓangare yana riƙe da gaskiya, amma rabinta yake riƙe da shi, kuma sauran rabin ne ke cin kuɗin mutane.

Masu cewa kayan ciki ɗaya ne ba ƙarya suke yi ba. Kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutocin Windows ba su da yawa: Intel da AMD ne ke riƙe da kasuwar, sai Qualcomm da ya shigo da ƙarfi a 2024 da Snapdragon X. HP da Dell da Lenovo da Asus duk a wurinsu suke saye. Don haka in gudu kaɗai kake nema, ba lallai ƙarin kuɗi ya ƙara maka gudu ba. Wani lokaci ma siririn laftof mai tsada yana ƙasa da kakkauran mai matsakaicin farashi a aiki mai nauyi, domin siririn ba shi da wurin fitar da zafi, in ya ɗumama sai furosesar ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Kuɗin yana tafiya ne kan abubuwan da ba a rubuta su da manyan haruffa a jikin kwali.

Na farkonsu jiki ne, kuma shi na gani da idona a teburin mai gyara. Alminiyom, da magnisiyom, da zaren kabon da ake yi wa murfin ThinkPad X1 Carbon, duk sun fi roba tsadar sarrafawa. Laftof abu ne da ake buɗewa a rufe sau da yawa a yini, a cusa a jaka, a hau da shi babur ko A Daidaita Sahu, a danne shi da littattafai. Kwamfutar kan tebur ba ta san wannan wahalar ba. Yawancin laftof masu araha ba ƙwaƙwalwarsu ce ke fara mutuwa ba. Hinji ne, ko ramin caji, ko madannai, ko fuskar da ta fashe saboda murfin yana lanƙwashewa.

Sai fuska, wadda ita ido ke kallo tun safe har dare amma ba a cika tambaya a kanta ba wajen ciniki. Haskenta ana auna shi da ma'aunin da ake kira nit. Masu araha suna tsayawa wajen 220 zuwa 250, MacBook Air na 2020 yana da 400, waɗanda suka biyo bayansa 500. Duk wanda ya taɓa zama a barandar makaranta ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya da rana yana murtuke ido don ya ga abin da ya rubuta, ya san abin da wannan tazarar take nufi. Akwai kuma launi. Fuskoki masu araha ba sa iya nuna dukkan launukan da aka saba aiki da su a intanet. A takardar bayaninsu za ka ga an rubuta 45% NTSC. Ga mai buga takardu wannan ba komai ba ne. Ga mai zana katin biki ko tambarin kamfani, ko mai gyara hoto, babbar matsala ce: jan da ya gani a fuskarsa ba shi ne zai fito daga injin bugawa ba, kuma mai aikin ba zai karɓi uzuri ba.

Inda na fi ganin tsada tana da hujja a ƙasarmu shi ne batir. A Nuwamban 2020 Apple ya fitar da MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1, wadda kamfanin ya tsara da kansa bayan ya rabu da Intel, a kan dala 999. Kamfanin ya ce batirin zai kai sa'o'i 18 a kallon bidiyo, 15 a yawon intanet. Ko an rage wani abu daga wannan alƙawarin, abin da ya saura yana kai mutum yini guda na aiki. Cajarsa wat 30 ce, ƙarfin da ƙaramin sola ko fawa-bank mai kyau zai iya ɗauka. A London ko New York wannan jin daɗi ne kawai, mutum ya zauna a shagon shayi ba tare da neman soket ba. A unguwar da ake kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, batir shi ne ke raba wanda ya miƙa aikinsa a kan lokaci da wanda ya ba da haƙuri. Kuma akwai lissafin da ba a yi: duk sa'ar da batir ya riƙe ka, sa'a ce da ba ka tayar da janareta ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san abin da sa'a guda ta janareta take ci.

Wani abu game da wannan Air ɗin shi ne ba shi da fanka ko kaɗan. Lokacin hunturu, in ƙura ta turnuƙe, laftof mai fanka yana zuƙar ta kamar yadda hancinmu ke yi, ta taru ta toshe hanyar iska har sai an kwance an share. Wanda ba shi da fanka ya huta da wannan. Amma abin yana da ɗaya gefen: Apple da kansa ya ce a yi aiki da kwamfutocinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu yana haura 40. In ka ɗora wa marar fanka aikin haɗa dogon bidiyo a irin wannan ɗakin, zai rage gudu. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar kowane batirin litiyom, mai tsada da mai araha.

To, wannan shi ne abin da kuɗin ke saya. Amma akwai abin da tsada ke ƙwacewa, kuma masu yabon manyan laftof ba sa son a tsaya a kansa. Domin a yi su sirara, kamfanoni sun koma liƙe RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, a jikin bod, babban allon da kayan ciki ke haɗe a kansa, ba a cirewa ba a ƙarawa. Haka MacBook yake, haka XPS 13 na Dell, haka X1 Carbon. A MacBook ma'ajiyar ma a liƙe take. Abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna har ƙarshe. Shekaru da yawa Apple yana sayar da Air da RAM 8GB, kuma in kana son 16GB sai ka ƙara dala 200, in kana son ma'ajiya ta tashi daga 256GB zuwa 512GB ka ƙara wata 200, kuɗin da ya fi ƙimar kayan a kasuwa nesa ba kusa ba. Sai a Oktoban 2024 kamfanin ya mayar da 16GB ya zama mafi ƙanƙanta ba tare da ƙarin farashi ba. Wanda ya sayi mai 8GB wata guda kafin nan ba shi da yadda zai yi.

Gyara shi ne ya fi damuna. In ruwa ya zube a kan bod ɗin da komai ke liƙe a jikinsa, ba kwamfuta kaɗai aka rasa ba, har da abin da ke cikinta, sai dai in mutum yana ajiye kwafi a wani wuri. Apple ba shi da shago nasa na kansa a Najeriya, dillalai ne da ya amince da su, kuma yawancinsu a Legas da Abuja suke. Garantin da ke sa Ba'amurke ya kwana da kwanciyar hankali, wanda ya sa aka aiko masa da laftof daga Dubai zuwa Gusau ba lallai ya ci moriyarsa ba. Fuskar MacBook in ta fashe, canjinta kaɗai na iya sayen wani laftof na hannu sukutum. Kuma kada a ɗauka tsada tana hana kuskuren ƙira. Daga 2015 Apple ya sa wa kwamfutocinsa wasu siraran madannai da ake kira na malam-buɗe-littafi, waɗanda ƙwayar ƙura ɗaya ke iya sa harafi ya maƙale ko ya riƙa fitowa sau biyu. Sai da kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya watsar da ƙirar gaba ɗaya zuwa 2020, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Waɗannan mutane ba araha suka saya ba. Haka ma a 2016 aka cire wa MacBook Pro ramin HDMI da na katin kyamara, mutane suka koma yawo da jelar adafta, sai a 2021 aka dawo da su.

Ana yawan kafa hujja da cewa mai tsada ya fi araha in aka raba kuɗin da shekaru. Mu gwada lissafin da misali. Na dala 400 da ya yi shekara uku ya ci maka kusan dala 133 kowace shekara. Na dala 1,000 da ya yi shekara bakwai ya ci kusan 143. Kusan kunnen doki ke nan, ba wani rinjaye. Abin da ke karkatar da ma'aunin abu biyu ne. Ɗaya, mai tsadan yana da sauran daraja ranar da za ka sayar, musamman MacBook, alhali mai arahan da hinjinsa ya karye sai dai a saye shi don a cire kayan gyara. Biyu, yadda shekarun suka kasance: shekara bakwai kana buɗe kwamfuta ta tashi nan take, ko shekara uku kana jiran ta gama tunani. Amma lissafin gaba ɗaya ya dogara ne da cewa laftof ɗin zai kai shekara bakwai ɗin, ba a sace ba, ba a zuba masa shayi ba, wuta mai ƙarfi ba ta ƙona shi ba. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a abu guda da ake ɗauka a jaka ya ɗauki kasadar da lissafin bai nuna ba.

Sannan dala ba ita muke karɓa a ƙarshen wata ba. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Laftof ɗin dala 999 bai canza ba ko da ƙusa ɗaya, amma a naira ya tashi daga ƙasa da rabin miliyan zuwa kusan miliyan ɗaya da rabi, kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato mai wannan albashin sai ya tara na sama da wata ashirin bai taɓa ko sisi ba. Shi ya sa shawarar da ake bayarwa a bidiyoyin Turai, cewa ka ɗan ƙara kaɗan ka sayi mai kyau, ba ta zama daidai a kunnenmu. Wannan "kaɗan" ɗin kuɗin hayar shekara ne ga wani.

A nan ne nake ganin gardamar ta kauce hanya, domin an mayar da ita zaɓi tsakanin sabo mai tsada da sabo mai araha, alhali mafi yawanmu a wata kasuwa ta uku muke saye. Manyan kamfanoni da bankuna a Turai da Amurka suna sayen laftof na ofis dubbai a lokaci guda, ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook na HP, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu su sauya. Su ne ke cika shagunan Computer Village a Ikeja da Banex a Abuja da Farm Centre a Kano. Waɗannan a zamaninsu su ne masu tsadar. ThinkPad tun 1992 IBM ya fara yin sa, Lenovo ya gaje shi a 2005, kuma an gina shi ne don ma'aikacin da ba da kuɗinsa aka saya ba, wanda ba zai lallaɓa shi ba. Ɗauki T480 na 2018: gurbin RAM biyu ne da shi, ana canza ma'ajiya, batir biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa a sa wani, madannansa kuwa duk mai yawan rubutu ya san daɗinsu. Kayan gyaransa suna ko'ina. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga ɗalibi ko malami ko mai shagon buga takardu, irin wannan ya fi sabo fil mai furosesar Celeron da RAM 4GB da ma'ajiya 64GB, wanda Windows kaɗai ke cinye rabin cikinsa. Wannan na ƙarshen, a ganina, shi ne mafi tsadar laftof a kasuwa, domin kuɗinsa kusan asara ne tun ranar farko.

Sai dai kasuwar na hannu tana da tarkonta, kuma mafi girma shi ne lambar nan ta i7 da ke cikin sunan furosesar Intel. Mutum zai shiga shago ya ce shi dai "Core i7" yake so, mai shago ya miƙo masa, kowa ya yi murna. Ba a tambayi zubi na nawa ba ne, wato ƙirar wane zamani ce. Core i7-7500U, zubi na bakwai, cibiyoyin aiki biyu gare ta. Core i5-8250U, zubi na takwas, huɗu gare ta, ta kuma fi waccan gudu a yawancin ayyuka duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce ke faɗin zubin, daga zubi na goma zuwa sama kuwa lambobi biyun farko ne. Abin ya ƙara muhimmanci yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar zubi na takwas na Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Tsofaffin da suka gaza wannan sharaɗi suna nan jibge a kasuwa, kuma masu sauke su daga ƙasashen waje sun san dalilin da ya sa suka yi sauƙi. Haka MacBook masu Intel: Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ita ce babbar manhajarsa ta ƙarshe da za ta hau kansu. Tambarin tuffa a bayan murfi ba zai canza wannan ba. Kafin ka biya, ka duba lafiyar batir, ka tabbata babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in MacBook ne ka tabbata tsohon mai shi ya cire asusunsa na iCloud kuma ba a ɗaure yake da wani kamfani ba. In mai shago ya ƙi yarda a goge kwamfutar a sake ɗora mata manhaja a gabanka, ka tashi.

Akwai kuma wanda tsada za ta kai shi inda bai nufa ba. Ɗalibin zanen gine-gine da ke buƙatar Revit, ko injiniyan da ke aiki da SolidWorks, ko mai taswira da ke amfani da ArcGIS Pro, duk manhajojin Windows ne, kuma Mac na zamani ba ya ɗaukar Windows kai tsaye kamar yadda masu Intel suke yi a da. Irin wannan ɗalibin abin da yake buƙata shi ne katin hoto na Nvidia, wanda ya fi samuwa a laftof ɗin 'yan wasan gem. Su kuma nauyi gare su, cajarsu tana kai wat 230 ko fiye, batirinsu ba ya jimawa in aiki ya yi zafi. Ƙarfi ne da sai da wuta, don haka mai saye ya haɗa da kuɗin inbata a lissafinsa.

Ni dai ga inda na tsaya. Wanda laftof ne gonarsa, mai rubuta manhaja, mai haɗa fim, mai zane, ɗan jaridar da ke aiko rahoto daga inda babu wuta, wanda ke zama gabansa sa'a takwas ko goma kullum kuma daga cikinsa abincin gidansa ke fitowa, wannan in yana da hali ya sayi mai kyau, kada ya ji kunyar kuɗin. Tela ba ya jin kunyar sayen keken ɗinki nagari. Amma ko shi, akwai inda ƙarin kuɗi ke daina ƙara masa komai: tazarar da ke tsakanin na dala 400 da na 1,000 kowa zai ji ta a hannunsa da idonsa, ta tsakanin na 1,200 da na 2,500 kuwa sai mai aiki na musamman. Wanda kuma buƙatarsa Word ce da Excel da Zoom da karatun PDF, abin da zai nema RAM 16GB ne ko aƙalla 8GB da ake iya ƙarawa, ma'ajiyar SSD, fuska mai 1920 da 1080, da batir mai rai. Sauran kuɗin ya sayi fawa-bank mai cajin laftof da ma'ajiyar waje don kwafin aikinsa.

Abin da muka yi wa ƙanwata ke nan. Mai gyaran ya ɗaure tsohon da gam mai ƙarfi ya ce a riƙa buɗe shi daga tsakiya da hannu biyu, muka bar wa ƙaramin ƙaninmu yana koyon buga rubutu a kan tebur. Ita kuma muka samo mata na ofis na hannu, zubi na takwas, muka ƙara masa RAM muka sa sabon batir. Akwai ɗan ƙarce a murfinsa, harafin E ya fara gogewa saboda yatsun wani ma'aikaci da ba mu sani ba. Da shi ta rubuta kundin kammala digirinta, kuma yanzu da shi take yi wa wata makarantar unguwarmu lissafin sakamakon jarrabawa.